Abin da nazarin janyewar sojojin mamaya ya koya mana

Tun da sojojin Faransa suka bar Nijar a Disambar 2023, na Amurka kuma suka kwashe daga sansanin Agadas a Agustan 2024, ɗaliban siyasa a nan Birnin Kebbi, musamman 'yan Kamba masu dangi a Gaya da Doso, suke yawan tambayar yaushe ya dace sojan waje ya tafi. Na Nijar dai ba mamaya ba ce, da yarjejeniya suka shigo. Mamaya a dokar yaƙi ta ƙasa da ƙasa ta Hague ta 1907 ita ce ƙasa ta faɗa ƙarƙashin ikon rundunar abokan gaba, kuma dokar ta ɗora wa mai mamayar nauyin kiyaye zaman lafiyar jama'a. Da wannan nauyin a kansa zai fita, shi ya sa fitar ke da wuya.

Babban abin da muka koya shi ne, a kan rana ake ta jayayya, alhali abin da ke yanke hukunci shi ne wa zai biya albashi kuma wa zai gyara kayan yaƙi bayan an tafi. Afganistan ta nuna haka har sau biyu. Sojojin Tarayyar Sobiyet sun gama fita ranar 15 ga Fabrairun 1989, ana ta cewa gwamnatin Shugaba Najibullah da suka bari a Kabul ba za ta kai labari ba. Sai ga ta har Afrilun 1992, domin Mosko ta ci gaba da aiko mai da makamai da abinci. Da tallafin ya yanke a farkon 1992, sai Janar Dostum, ɗaya daga manyan kwamandojinta, ya juya mata baya, ta faɗi cikin 'yan watanni. Ita kuwa Amurka, ta gina rundunar Afganistan a kan jiragen sama, gyaran jiragen kuma yana hannun 'yan kwangila na waje. Da suka tafi tare da sojoji a 2021, jirage suka riƙa lalacewa ba mai gyara, sansanonin nesa suka rasa harsashi da abinci. Kabul ta faɗi ranar 15 ga Agusta, tun jirgin Amurka na ƙarshe bai tashi ba.

Sai batun wa ya sa hannu. Yarjejeniyar Doha ta 29 ga Fabrairun 2020 tsakanin Amurka da Taliban aka ƙulla ta, gwamnatin Kabul ba ta ciki, amma ita aka tilasta wa sakin fursunoni 5,000. A ganinmu wannan ne kuskure mafi muni, don kowane kwamandan gunduma ya gane daga nan cewa an gama ciniki a bayansa, sai ya nemi dattawan gari su sasanta shi da Taliban.

Shin a sa rana ko a gindaya sharaɗi? Idan aka sa rana tsirara, abokin gaba zai zauna ya jira ta. Idan aka ce sai tsaro ya inganta, mamaya ba ta ƙarewa, jama'a kuma su tsani gwamnatin da ke fakewa da baƙi. Tsarin Sinai ya fi gamsar da mu. Bayan yarjejeniyar Masar da Isra'ila ta 1979, Isra'ila ta janye daga Sinai yanki bayan yanki har 25 ga Afrilun 1982, an ƙayyade yawan soja da makaman da za a ajiye a kowane yanki, an kuma girke rundunar sa ido ta ƙasashe. Rigimar yankin Taba na bakin iyaka da ta rage, alƙalan sulhu aka kai wa, Masar ta karɓi wurin a 1989. Ostiriya kuwa, alkawarin zama 'yar ba-ruwanmu ta bayar, ƙasashe huɗun da suka mamaye ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka kwashe sojojinsu a 1955.

Iraƙi ta nuna cewa tun ranar shiga ake ɓata fita. Paul Bremer, wanda Amurka ta ɗora ya mulki Iraƙi bayan ta mamaye ta, ya rushe rundunar ƙasar a Mayun 2003, dubban ɗaruruwan masu horon yaƙi suka koma gida ba albashi. Amurka ta fita a Disambar 2011, Mosul ta faɗa hannun ISIS a Yunin 2014.

Tsarin fitar kansa ma yana da jeri. Mutanen Zamfara sun san abin da ke biyo baya idan aka ɗauke sojoji daga ƙauye cikin dare: wanda ya nuna musu hanya shi 'yan bindiga ke fara nema. Don haka tafintoci da direbobi da iyalansu ake fara fitarwa, takardunsu a kammale tun da watanni, sannan farar hula, sannan manyan kaya, filin jirgi kuma a ƙarshe. A Afganistan an juya jerin. An bar sansanin jiragen yaƙi na Bagram mai titin jirgi biyu ranar 2 ga Yulin 2021, aka rage da filin Kabul mai titi ɗaya a cikin birni. A ƙofarsa bam ya tashi ranar 26 ga Agusta, ya kashe sojojin Amurka 13 da 'yan ƙasar kusan 170 da ke jiran a ɗauke su.