Tarihin Rayuwata a Aikin Bishara, Kashi na 7: Rumbun Ikilisiya

A makon jiya mun tsaya a kan batun rufin majami'a. Yau sai batun ci, domin mai bisharar da aka tura ƙauyukan ƙasar Zuru, ko na ikilisiyar ECWA ne ko na UMCA, ɗan alawus ɗinsa ba ya kai shi ƙarshen wata. Gona da rumbu ne ke riƙe shi.

Lissafin ba wuya. Gida mai mutum 6 yana cin kusan kwano ɗaya na dawa a yini, buhu kuwa kwano 40 ne, ke nan buhu 9 a shekara. Ban da baƙi. Gidan Malam kuwa, wato mai bisharar, ba ya rabo da baƙo: mai neman addu'a, matar da ta yi yaji, ɗan makarantar da dare ya yi masa a hanya.

Ana yanke dawa daga Nuwamba zuwa Disamba, sai a sa ranar godiyar kaka. Kowane magidanci ya shigo da zakkarsa, dami ɗaya cikin goma, 'yan Zumuntar Mata na gaba da waƙa suna buga tulu. A nan kuskuren farko yake. Mutane na ɗokin kawowa, sai su ɗaure dawar da ba ta gama bushewa ba. Kafin a sa dami a rumbu, dattijo ya ciri ƙwaya ya ciza. In ta ce ƙas ta fashe, ta yi. In haƙori ya nutse, a baza ta a kan fa ta ƙara kwana uku ko huɗu. Ɗanyen dami ɗaya ya isa ya sa rumbu ya ɗau zafi ya yi fumfuna.

Shi kansa rumbun a kan duwatsu ake ɗora shi, yadda iska da kaza za su wuce ta ƙasa, saboda gara da danshi. A share tsohon hatsi tsaf, a yaɓe tsaga, a zuba toka da ganyen dogon yaro, a sake jinka kafin ruwan Mayu. Kada a ɗora sabo kan tsoho don ƙyuya, ƙwarin bara ne za su cinye na bana. Wake dai ba na rumbu ba ne, sai buhun nan mai leda biyu a ciki, a matse iska a ɗaure kowace leda daban.

Abin da ya fi gara ɓarna shi ne mabuɗi a hannun mutum ɗaya. Malam kada ya riƙe shi, ko an ce, "Baba, ai kai ne uban kowa." Dattawa biyu su buɗe, magatakarda ya rubuta, a karanta a gaban jama'a bayan sujada, da Hausa a kuma juya da Dakarci don tsofaffi. Ana kasa hatsin uku: na gidan Malam, na gwauraye da marayu, da na taro. Kason gwauraye ba a taɓa shi sai Yuli da Agusta, lokacin da rumbunan gida suka yi ƙasa. Yunwa ba ta tambayar addini, don haka maƙwabci Musulmi ko mai bin gargajiya yana cikin lissafi, kuma ba a haɗa kwanon dawa da sharaɗin zuwa majami'a.

Damina ta kankama, addu'ar safe ta koma asuba, gajeriya, don kowa na sauri gona. Samari sun tafi golmo, wato noman neman aure, a gonar surukai, ajin baftisma sai rani.

Tun da 'yan bindiga suka addabi yankin Danko-Wasagu da Sakaba, an daina tara hatsi wuri guda. A sussuke rabi, a zuba a buhu, a kai ajiya gari.

Mako mai zuwa: ajin yaƙi da jahilci a gindin ɗorawa.