Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shekarun da Faifan Gem Ya Daina Tafiya

A makon jiya na tsaya ne a inda maigidana ya sallame ni, ya ba ni jari, na kama ɗan shagon sayar da faifan gem, wato wasannin bidiyo, a Sabon Garin Kano.

Zamanin na'urar gem ta PlayStation 2 (PS2) mun ci kasuwa. Kaya na tasowa daga Alaba ta Legas, mu jera a kwali, yaro ya ɗaga faifai sama yana juya bayansa a hasken rana ko zai ga karce. Amma cinikin da ya riƙe ni da gaske ya zo ne bayan fitowar PS4 a 2013. Kwafi ba ya ci a kanta, sai orijinal, shi kuwa orijinal da tsada. Nan musaya ta kankama. Ka gama wasanka, ka dawo mini da faifan, ka ɗora 'yar ciko, ka ɗauki wani. Faifai guda sai ya zaga gida biyar, kowane zagaye ina samun na cefane, yaron da ba shi da kuɗin sabo kuma ya samu ya buga.

A 2020 PS5 ta fito kala biyu, ɗaya ko ramin saka faifai babu. Wata na'urar gem ɗin, Xbox Series S, ita ma haka. Abin da ya fi taɓa mu shi ne na 2021, da kamfanin Konami ya mayar da wasan ƙwallon ƙafa na PES ya koma eFootball, sai dai a sauke ta intanet. Duk wanda ya taɓa zama a gidan gem ya san ƙwallo ce ke tara jama'a.

Ana cewa saukewa ta fi sauƙi. Ga mai wuta dare da rana da intanet mara yankewa, haka ne. Mu nan Najeriya ba ta ma cikin ƙasashen da ake zaɓa wajen buɗe asusun shagon PlayStation na intanet, sai mutum ya buɗe da adireshin Amurka ko Ingila, ya sayi katin kuɗi da dala. Da naira ta faɗi a 2023, farashin ya fi ƙarfin yawancin masu zuwa wurina. Ga data: wani wasan ya haura gigabayit 100. Na ga samari suna kwana a zaune saboda datar dare, a ɗauke wuta ana tsakiyar lodi.

Wata rana da la'asar wani yaro ya shigo rungume da PS5 ɗinsa, irin marar ramin nan, a cikin jakar makaranta. Ya ce, "Yaya, na gama wannan wasan, nawa za ka saya?"

Na ce, "Ƙanena, me zan karɓa a hannunka?"

Ya kunna ya nuna mini hoton wasan a talabijin. Na zaunar da shi na yi masa bayani cewa abin da ya biya izinin bugawa ne, a manne da asusunsa. Ba ya sayuwa, ba a musayarsa. Kuɗin da ya yi watanni yana tarawa ke nan. Wallahi ya ba ni tausayi, kuma har yau ina ganin ba a yi wa irinsa adalci ba.

Daga baya na tattara ragowar faifan PS4 na karya farashi, na sayi ƙarfen narka dalma da ƙananan sukundireba, na koma gyaran hannun gem. Yadda na koyi gyaran, da wanda ya koya mini, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.