Na yi ta sake wa bindigata kaya har na kusa ɓata ta

Ranar da na gama ɗaura wa bindigata kayan da na shafe wata shida ina tarawa, na ɗora ta a sikeli sai ga kilo 5 da ɗoriya, wallahi sai da na sake aunawa don na zaci sikelin ne ya samu matsala. Bindigar da na saya tana kilo 3 da rabi har da madubinta na hangen nesa, mara nauyi, ka wuni da ita a kafaɗa ba ka ji ba, ita ce na mayar kamar turmi. Kuma abin haushin ma ba nauyin ba ne, harbin bai gyaru ba ko kaɗan.

Bari in koma baya. Bindigar irin mai sakata ce, wadda kake ɗaga hannun sakatar ka ja baya kwanso ya fita ka tura gaba wani harsashin ya shiga, tana cin .308 Winchester, harsashin da ya fito tun 1952 kuma har yau ba a daina yayinsa ba. Asalin tsarin yawancin irin bindigogin nan daga Mauser ta 1898 yake, wato sakata mai kunnuwa biyu a gaba da ke kullewa. Tawa dai wani kamfani ne ya ƙera ta bisa ma'aunin Remington 700, ita kuwa 700 ɗin tun 1962 take kasuwa, shi ya sa duk wani mai ƙera kayan ƙari da ita yake fara aunawa, ƙota ce, kunama ce (abin da ake ja da yatsa a harba), gindin madubi ne, komai akwai kala goma. To nan fa tarkon yake, in kaya sun yi yawa sai ido ya rufe.

Abin da ya sa na fara taɓa ta shi ne rashin tabbas. Wata rana in harba uku a mita 100 su taru cikin santimita 3, wanda kusan shi ne abin da masu harbi ke kira MOA ɗaya (santimita 2.9 ne a mita 100, ko inci ɗaya da ɗan ɗigo a yadi 100), bayan sati biyu in an yi ruwa iska ta yi laima sai in ga sun watse santimita 8, kuma duk sun karkata gefe guda. Ni da wayona sai na ce madubi ne. Na sayi sabon madubi babba, mai kusanto da abu har ninki 24, wanda gaskiya ba abin da zai tsinana wa mai farauta a cikin duhuwar itatuwa, na sayi layin Picatinny na ɗaura shi a kai, irin wanda sojan Amurka suka mayar ma'auni a 1995, daga nan kuma zuciya ta ce ai ƙotar katako tsohon yayi ce, na cire ta na sa ta alminiyom mai daidaita kunci da tsawo, na ƙara da abin rage dukan kafaɗa a bakin bututun. Duka a mako ɗaya na ɗaura su. Na je filin gwaji ina taƙama, harsasai suka ci gaba da yawonsu, kuma yanzu ban ma san wanne zan zarga ba tunda abu huɗu na canza lokaci guda.

Da na gaji sai na kwashi komai har da tsohuwar ƙotar na kai wa wani dattijo mai gyaran bindiga. Bai ko kalli madubin da nake ji da shi ba. Ya buɗe sakata ya leƙa ya tabbatar ba komai a ciki, sannan ya sa sukudireba a sukurori biyun da ke riƙe ƙarfen bindigar da ƙota, na gaba ya juya kusan rabin zagaye ba tare da ya sa ƙarfi ba. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Yaro, da me ka ɗaure wannan?" Na ce, "Baba da hannu ne, na dai ji ya kama." Ya ce, "To bai kama ba."

Sai ya mayar da ƙarfen cikin tsohuwar ƙotar katakon, ya yagi 'yar siririyar takarda ya zura ta ƙarƙashin bututun yana ja baya a hankali, tana tafiya sumul har wajen tsawon tafin hannu sai ta cije a ɓangaren hagu. Ya ce ga ciwon nan. Katako yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya motse, kuma duk lokacin da ka harba bututun girgiza yake kamar bulala, in katako na dafe da shi yau da ƙarfi gobe da sauƙi to kowace rana inda harsashin zai fita daban. Wato matsalar da na kashe kuɗi ina nema a sama tana nan ƙasa, kuma takarda ce ta gano ta.

Aikin da ya yi mata na zauna na kalla daga farko har ƙarshe, shi ne ma ya fi burge ni a duk labarin nan. Ya goge cikin hanyar bututun da sanfefa har takarda ta riƙa wucewa ba cijewa, ya shafe wurin da man da ke hana katako shan ruwa, sannan ya faɗaɗa ramukan sukurorin ya dasa wasu 'yan bututun alminiyom a ciki don in an ɗaure ƙarfe ya zauna kan ƙarfe, katako ya daina matsewa. Bayan nan ya kwaɓa gam mai haɗi biyu ya shimfiɗa inda ƙarfen ke kwanciya, musamman bayan ɗan harshen nan da ke tare dukan baya, amma kafin ya kwantar da ƙarfen sai da ya shafe shi tas da kakin hana mannewa ya toshe kowane rami da yumɓun roba, yana yi yana ba ni labarin mutanen da suka manta wannan matakin suka wayi gari bindiga da ƙota sun zama abu ɗaya har abada. Kwana ɗaya gam ɗin ya yi, da aka ɗago ƙarfen sai ga siffarsa ta fito a ciki kamar an zana, har lambar jikinsa.

Ya sa na sayi sukudireba mai awon ƙarfin ɗauri, kuma ina gaya muku cikin duk abin da na saya ita ce ta fi biyan kuɗinta. Zoben da ke riƙe madubi yawanci inci-laba (ma'aunin ƙarfin ɗauri) 15 zuwa 18 masu ƙera su ke cewa, ni kuwa na murɗe nawa kamar ina ɗaure tayar mota har ya bar shaida a jikin sabon madubin, duk sanda na gani sai raina ya ɓaci. Sukurorin ƙota kuma kowane kamfani da lambarsa, a duba takardarsu kawai.

Sai kunama. Wannan kam canjin ya cancanta, ta asalin sai ka ja wajen kilo 2 da rabi kafin ta saki kuma tana da ɗan jan ƙafa, kana ja bakin bindiga na kaucewa. Kamfanoni irin su Timney tun 1946 wannan ce sana'arsu, akwai wasu da yawa. Na sayi wata mai daidaituwa, kuma a nan na sake yin wautar da ta fi ta farko, na sassauta ta har ƙasa da giram 700 saboda daɗin da take yi a kan teburin gwaji. Dattijon ya karɓa, ya sake tabbatar da ba harsashi, ya ɗana ta ya buga gindinta a ƙasa kan tabarmar roba, ji kake ƙas, ta saki da kanta ba wanda ya taɓa ta. Jikina ya yi sanyi, don na tuna sau nawa na tsallake rami da bindiga a hannu da abokin tafiya a gabana. Ya mayar da ita kilo 1.3, ya buga, ya rufe sakata da ƙarfi sau da yawa, ya sa makullin tsaro ya cire, shiru. A nan na bar ta har yau, yatsa mai sanyi ko mai gumi ko mai safar hannu ba ya jin giram 700.

Abin rage dukan kafaɗa na bakin bututu kuwa sati uku ya yi na kwance shi. Yana aiki, ba ƙarya, amma ƙarar da yake watsowa gefe ta sa ba mai son tsayawa kusa da ni, kuma .308 ba wani duka gare ta ba da har za a sha wannan azabar, robar gindi mai laushi ta wadatar. Shi kansa bututun ban taɓa shi ba kuma ba zan taɓa ba, sauya bututu magana ce ta tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da mazaunin harsashi, ana auna ta da ma'auni na musamman, kuskure kaɗan kwanso ya fashe a fuskarka, wannan aikin masu shi ne. Kuma kafin ka sayi komai ka san abin da dokar inda kake ta yarda da shi, don wani abin da ake sayarwa a fili a wata ƙasa a wata laifi ne.

Yanzu tana cikin ƙotarta ta katako, da ƙaramin madubi mai ninki 3 zuwa 9, nauyinta kilo 3.7, kuma na gwada ta da rana na gwada ta washegarin ruwa, uku uku suna taruwa cikin santimita 3 zuwa 4 a wuri ɗaya. Na buɗe ɗan littafi ina rubuta kwanan wata da irin harsashi da abin da na taɓa, abu ɗaya tak kowace fita. Ƙotar alminiyom ɗin da babban madubin suna nan cikin kwali a saman durowa, wani abokina mai harbin allo daga nesa ya ce yana so, muna ta ja-in-ja kan shaidar zoben nan da na bari a jiki.