Sulhun gida ba ya soke sammacin kotu

Sammacin kamun da alƙali ya sa wa hannu saboda mutum ya ƙi halartar zama ba ya tsufa. Yana nan da ransa har sai an kama mutumin, ko kotun da ta bayar da shi ta soke shi da kanta. Samarinmu da yawa masu fita nema, daga direbobin tirela har masu kai tumatir da albasa kasuwar Mile 12 a Legas, suna ɗauka da zarar sun ƙetare iyakar jiha sun iso gida, maganar ta zama ta can. Ƙannena, ba haka take ba, kuma ni da nake faɗa muku sai da na jefa dattijo cikin kunya kafin na gane.

Hatsi nake sayarwa a Dawanau. Wani abokin ciniki a Kaduna ya ba ni kuɗin masara, kaya suka makara, ya kai ni wurin 'yan sanda, aka rubuta cin amana, sai ga ni gaban majistare. Kawuna da ke aikin gwamnati a can shi ya tsaya mini aka ba da belina. Daga baya manya suka shiga tsakani, na biya mutumin kuɗinsa cas, aka yi addu'a, aka gaisa. Ana cikin haka ma'aikatan kotuna suka shiga yajin aikin nan na 2021, wanda ya rufe kotunan ƙasar daga Afrilu har zuwa Yuni. Na ce shi ke nan, mai ƙara ya karɓi haƙƙinsa, kotu ma a garƙame take. Na dawo Kano, har layin waya na canza.

Abin da ban lura da shi ba shi ne, ƙarar laifi idan ta shiga kotu ta fita daga hannun wanda ya kai ta. Sunan Kwamishinan 'Yan Sanda ne a saman fayil, ba na abokin cinikina ba. Sulhu abu ne mai kyau, alƙalai ma suna maraba da shi a ƙananan laifuka, amma sai an zo gabansu, mai ƙara ya buɗe baki ya ce ya janye, a rubuta. Mu ba mu yi wannan ba. Da aka buɗe kotu aka kira shari'a shiru, aka ɗage, aka sake kira shiru, sai alƙali ya soke beli, ya ba da sammacin kamu, ya aika wa kawu takardar ya zo ya faɗi dalilin da zai hana a ci kuɗin belin da ya sa wa hannu. A wayar matata kawu ya same ni. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ɗana, da furfurata aka kira sunana a gaban jama'a, na miƙe tsaye kamar ɓarawo." Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

A nan nake son ku tsaya ku yi tunani, domin mai gudu kansa kawai yake gani. Doka ta hana a kama wani a madadin wanda ake nema; sashe na 7 na dokar tarayya ta gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya faɗi haka ƙarara, don haka ba a da ikon ɗaukar mahaifiyarka ko ƙaninka saboda kai. Amma wanda ya tsaya maka daban ne. Shi da hannunsa ya ɗauki alkawarin kawo ka, kuma idan ya kasa, a ci kuɗin, in bai biya ba a iya tsare shi. Wannan bai bar manya ba. A Nuwamba 2020, bayan Abdulrasheed Maina, tsohon shugaban kwamitin gyaran fansho da ake tuhuma da almundahana, ya daina zuwa Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, Mai Shari'a Okon Abang ya aika Sanata Ali Ndume gidan yarin Kuje, saboda shi ya tsaya masa a kan naira miliyan 500. Sanata mai ci ke nan. Shi kuma Mainan a Yamai aka cafke shi, aka dawo da shi a farkon Disamba, a 2021 aka yanke masa shekara 8. In iyakar Nijar ba ta tare sammaci ba, Kwanar Dangora ce za ta tare shi?

Rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar nan. Sammacin Babbar Kotun Tarayya yana aiki ko'ina. Na kotun jiha kuwa akan kai wa majistaren jihar da kake ya sa hannu a kai, a zo a ɗauke ka, ko Lahadi ce ko ranar Sallah. Kuma rashin zuwanka ba ya daskarar da shari'a. Dokar 2015 ta ba kotu damar ci gaba ba ka nan idan ka tsallake beli, har a same ka da laifi, hukuncin ne kawai zai jira ranar da ka shigo hannu. Kaduna ta yi tata irin dokar a 2017, Kano a 2019.

Yadda na fita shi ne na kai kaina. Kafin nan na nemi lauyan da ke aiki a garin da kotun take. Lauyan Kano yana da ikon tsayawa a Kaduna, amma na can ya san magatakarda, ya san halin alƙalin, kuma ba ka biyan kuɗin mota. Shi ya je ya duba fayil, ya samo lambar shari'a da ranar zama na gaba, ya shigar da roƙon a janye sammacin tare da takardar rantsuwa da na bayyana abin da ya faru. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa, wadda ke nan tun 1976 don irin wannan. Masu shawagi a bakin kotu da ke cewa kawo kaza a ɓatar da fayil, ku bar su; kuɗinka ya tafi, sammaci yana nan.

Kada ka ƙirƙiri ciwon ƙarya. Alƙalai sun ga takardun asibiti na bogi har sun gaji, kuma ƙarya a takardar rantsuwa laifi ne na daban. Ni gaskiyata na faɗa: jahilci ne, ga shaidar tura kuɗi ta banki, ga mai ƙara na roƙe shi ya zo da ƙafarsa.

Lauyan ya ba ni wata dabara da ban taɓa tunaninta ba: kada mu je ranar Juma'a. Idan alƙali ya ce a tsare ka har a cika sababbin sharuɗɗa, Asabar da Lahadi a ciki za ka yi su. Muka je farkon mako da sassafe, da sabon mai tsayawa riƙe da katin shaidarsa da hotuna, domin kawu ya ce shi kam ya sauke, kuma ban ga laifinsa ba. Na zauna a bencin baya da 'yar jakar kaya da magani a ƙarƙashin ƙafata, don babu wanda ya yi mini alkawarin a gida zan kwana. Alƙali ya wanke ni tas, sannan ya janye sammacin, mai ƙara ya janye ƙararsa, aka sallame ni.

Kafin ka bar garin, ka biya a ba ka kwafin umarnin mai hatimin kotu. Ka kai ɗaya ofishin 'yan sandan da aka ba sammacin, ɗaya ga wanda ya tsaya maka, ɗaya ka ɗauki hotonsa a waya. Ɗan sandan da ke riƙe da tsohuwar takarda bai san abin da aka yi a kotu jiya ba, sai ka nuna masa.