Auna kafin ka yi zato: darussa daga teburin haɗa kayan lantarki

Duk wanda ya zauna ya haɗa da'irarsa ta farko, ya jona batir, abin ya yi shiru kamar an shuka dusa, zuciyarsa takan tafi kai tsaye ga abin da ya fi wuyar ganewa a kan allon. Sai ka ji ya ce aisin (IC, ɗan ƙaramin guntu mai ƙafafu da yawa da aka dunƙule da'ira a cikinsa) ne ya mutu, ko taransiston (ɗan makunnin lantarki mai ƙafa uku) jabu ne. Da wuya hakan ya zama gaskiya. Mafi yawan lokaci laifin yana wuri uku: wuta ba ta isa inda ake bukatarta ba, layin negatif bai haɗu ba, ko wata ƙafa ba ta taɓa inda ido ya ɗauka ta taɓa ba. Ido ba mudu ba ne, kuma a wannan sana'a ma bai san ƙima ba, domin wuta ba a ganinta. Mita ce kaɗai ke faɗa maka abin da ke gudana cikin waya, shi ya sa darasi na farko shi ne hannu ya saba da ɗauko mita kafin ya ciro wani abu daga allo.

A ɗauki aisin nan mai lamba 555, wanda Hans Camenzind ya zana wa kamfanin Signetics, ya shiga kasuwa a 1972, har yau kuma da shi ake koya wa masu farawa sa ƙwan LED ya riƙa ƙyaftawa. Ƙafafunsa takwas. Idan tsagar da ke jikinsa tana sama, ƙafa ta 1 tana hagu da ita, ka gangara ta hagu zuwa 4, ka tsallaka ka haura ta dama daga 5 zuwa 8. Ƙafa ta 1 negatif, ta 8 da ta 4 fozitif, ta 2 da ta 6 a haɗe su, ta 3 ita ce mafita, inda ake jona ƙwan ta bayan rezisto, wato abin da ke taƙaita kwararar wuta. Rezisto mai om 1,000 tsakanin fozitif da ƙafa ta 7, wani mai om 68,000 tsakanin ta 7 da ta 6, sai kafasita, wato ma'ajiyar wuta ta ɗan lokaci, mai maikurofarad 10 daga ta 6 zuwa negatif. Wannan haɗi zai ba ka ƙyaftawa kusan sau ɗaya a daƙiƙa.

To idan ya ƙi fa? Ka ɗora baƙar wayar mita a kan negatif ɗin batir, ka bi ƙafafun da jar wayar, kana taɓa ƙafar aisin ita kanta, domin ramin allon gwaji da ke kusa da ita zai iya nuna wuta alhali ƙafar ta lanƙwashe a ƙarƙashi ba ta shiga ba. Da batir mai bolt 9, ƙafa ta 8 da ta 4 su nuna 9, ta 1 ta nuna sifili. Ƙafa ta 6 kuwa ita ce mai ba da labari: ya kamata ta riƙa hawa da sauka tsakanin sulusin wutar da sulusi biyu, wato daga bolt 3 zuwa 6. Idan mita ba ta iya bin saurin ba, ka musanya kafasitan da mai maikurofarad 100, komai zai lafa har ka ga lambobin suna hawa a hankali. In ta haura zuwa 9 ta tsaya, duba ƙafa ta 7 ko haɗin ta 6. In ta kwanta a sifili, duba ƙafa ta 4, mai yiwuwa ta taɓa negatif. In tana hawa amma ba ta kai 6, wataƙila an juya kafasitan baya da gaba yana yoyon wuta. Cikin minti biyu ka gano abin da zato zai sa ka kwana a kansa.

Allon gwaji mai ramuka ma yana da nasa tarkon. Dogayen layukan wuta na gefe, a wasu allunan, a yanke suke a tsakiya, rabin allo na da wuta rabi babu. Ka saka mita a wurin da take yin ƙara in waya biyu sun haɗu, ka gwada farkon layin da ƙarshensa tun kafin ka soka komai.

Lissafin da ake bukata a matakin nan bai da yawa, amma ba a tsallake shi. Ƙwan LED ja yana cin kusan bolt 2, shuɗi da fari kusan bolt 3, kuma ƙaramin ƙwai na yau da kullum bai kamata ya wuce miliamfiya 20 ba. Shi ba ya iya taƙaita wa kansa wuta, duk abin da aka ba shi zai sha har ya ƙone. Daga bolt 9 ka cire 2, saura 7, ka raba da amfiya 0.015, wato miliamfiya 15 da kake so ƙwan ya sha, ka sami kusan om 467, sai ka ɗauki rezisto mai om 470, mai zoben rawaya, shunayya da ruwan ƙasa. Daga bolt 5 kuwa om 330 ya wadatar. Kuskuren da ake yawan yi shi ne jera ƙwaya uku ko huɗu gefe da gefe a bayan rezisto guda. Ba a samun ƙwaya biyu da cin wutarsu ya zo daidai wa daida, don haka wanda ya fi sauƙin buɗewa zai kwashi kaso mafi yawa, ya yi zafi, zafin ya ƙara buɗe shi, ya mutu, nauyin ya koma kan na biye. Kowane ƙwai a ba shi nasa rezisto.

Wurin da na fi ganin ya cancanci a tsaya a kai shi ne tushen wuta, saboda a nan ne ayyuka masu kyau suke lalacewa ba tare da mai su ya san dalili ba. Regileta, wato mai daidaita ƙarfin wuta, mai lamba 7805 tana ba da bolt 5, kowa ya sani. Abin da ba kowa ke lissafawa ba shi ne inda rarar take tafiya. Ka ba ta bolt 12, aikinka na jan miliamfiya 300, to bolt 7 sau 0.3 ya ba da wat 2.1, kuma duk zafi zai zama. Ba tare da ƙarfen shan zafi ba, zafin jikinta kan ƙaru da digiri 50 ko fiye a kan kowane wat guda, ka ga an haura digiri 100 a kan zafin ɗaki. Tana da kariya a ciki, za ta kashe kanta, ta huce, ta dawo. Mai aikin sai ya ga na'urarsa tana aiki minti biyar tana ɗaukewa, ya koma yana binciken manhajar da ya rubuta. Da ya kai bayan yatsa kusa da regiletar da ya huta. Maganin ko dai a rage wutar shiga zuwa bolt 7.5 ko 9, ko a ɗaura mata ƙarfe, ko a koma ga irin su LM2596 da ke sauke wuta ta hanyar kunnawa da kashewa da sauri, ba sa ɓarnar da yawa. Kada kuma a gangara ƙasa da bolt 7, domin 7805 tana son rarar kusan bolt 2 kafin ta riƙe 5 ɗinta.

Haka batun taransifoma da aka rubuta wa bolt 12. Wannan lamba matsakaicin ƙarfi ce. Bayan dayod huɗu, masu barin wuta ta bi gefe ɗaya kawai, sun miƙar da wutar, kafasita ya tara ta, abin da za ka auna shi ne ƙololuwa: 12 sau 1.414, kusan 17, a cire kusan 1.4 na dayod, saura 15.6, kuma in babu kaya a kai takan fi haka. Wanda ya sa kafasita mai iyakar bolt 16 yana ganin ya bar rara, a bakin rami yake tsaye. Mai bolt 25 ya dace. A kula da zanen da ke gefen kafasitan, shi ke nuna ƙafar negatif. Wanda aka juya yakan kumbura, wani lokaci ya fashe da ƙara.

Akwai kuma ɗan ƙaramin kafasita na yumɓu da aka rubuta wa 104, wato nanofarad 100. Masu farawa na yawan barinsa saboda da'ira na tashi ko babu shi. A ganina babu abin da ya kai shi arhar rigakafi. Duk lokacin da aisi ya sauya hali yakan fizgi wuta na ɗan ƙiftawar ido, doguwar waya kuma ba ta iya kawowa da wannan sauri, sai ƙarfin wutar ya faɗi a daidai ƙafarsa. Mita ba za ta nuna maka wannan ba, ya fi ƙarfin saurinta. Abin da za ka gani shi ne ƙirga yana tsallake lamba, ko na'ura tana sake tashi da kanta. A liƙa shi tsakanin ƙafar fozitif da ta negatif na kowane aisi, dab da jikinsa. In ya yi nisan ɗan yatsa, amfaninsa ya ragu sosai. Allon ESP32, ƙaramar kwamfuta mai sadarwa ba tare da waya ba, ya fi kowa wannan hali, domin idan ya kunna sadarwarsa yakan ja ɗaruruwan miliamfiya a fizge, siririyar wayar USB kuma sai ta gaza. Gajeriyar waya mai kauri da kafasita mai maikurofarad 470 a bakin shigar wuta sukan kashe matsalar.

Ƙafar Arduino Uno, ƙaramin allon kwamfuta da ake rubuta wa manhaja, umarni take bayarwa, ba ta ɗaukar kaya. Iyakarta ta ƙarshe miliamfiya 40, abin da ya dace kada a wuce 20. Ƙaramin rile, wato makunni mai aiki da maganaɗisu, mai bolt 5 yana jan kusan 70, don haka dole taransisto ya shiga tsakani, da rezisto mai om 1,000 a ƙafarsa ta tsakiya. Nan ma akwai abin lura: taransistocin BC547 da 2N3904 kamarsu ɗaya, amma ƙafafunsu na gefe a juye suke. In ka fuskanci shafaffen gefen, ƙafafu na ƙasa, BC547 kolekta ce a hagu, 2N3904 kuwa emita ce a hagu. Takardar bayanin kamfani ce ke raba gardama. Sannan naɗin wayar da ke cikin rile ko mota (ƙaramin inji mai juyawa da lantarki), idan aka yanke masa wuta farat ɗaya, yakan mayar da martani da wuta mai ƙarfi ta baya wadda ke huda taransisto. Dayod 1N4007 a kan ƙafafun naɗin, zobensa yana fuskantar fozitif, shi ke shanye wannan martani. Idan motar na da nata batir daban, a haɗa negatif ɗinsa da na Arduino, in ba haka ba umarnin bai da ma'aunin da za a gane shi da shi. Ƙafar shiga da aka bari ba a jona ta da komai ba kuwa takan karanta abin da ta ga dama, har kusantar hannu na sauya ta. Rezisto mai om 10,000 zuwa fozitif yana zaunar da ita. ESP32 kuma da bolt 3.3 yake aiki, kada a tura wa ƙafafun shigarsa bolt 5 kai tsaye: om 1,000 a sama da om 2,000 a ƙasa za su raba wutar ta sauko daidai.

Ita kanta mitar tana da ranar da take cutarwa. Awon ƙarfin wuta ana yinsa ne da taɓa wuri biyu. Awon kwarara kuwa sai an yanke layi an sa mita a tsakani, a mayar da jar waya ramin amfiya. A wannan rami mita kusan waya ce zalla. Wanda ya gama awo ya manta bai mayar da ita ba, ya je ya taɓa kan batir biyu, ya haɗa fozitif da negatif kai tsaye ke nan, fis ya tafi, in ba a yi sa'a ba har da mitar. A mayar da wayar raminta nan take.

Liƙi da dalma hannu ne ke koyonsa, amma sanin dalili na rage ɓarna. Dalma mai kashi 63 na kuza da 37 na darma tana narkewa a digiri 183, marar darma sai kusan 217. Ƙarfen liƙi tsakanin digiri 320 da 350 ya isa yawancin aiki. Ba a ɗebo narkakkiyar dalma a bakin ƙarfe a kai ta wurin, domin man da ke cikin wayar dalmar, wanda ke wanke tsatsa, zai ƙone kafin ya isa. A dafa ƙafar da tagullar allon tare, a kawo dalmar ta ɗaya gefen ta narke a jikinsu, daƙiƙa biyu zuwa uku, a janye dalma sannan ƙarfe, kada a motsa har ta daskare. Liƙi mai kyau yakan kwanta ya rungumi ƙafar kamar ɗan tsauni. Wanda ya dunƙule kamar ƙwallo bai kama ba, kuma shi ne mai aiki yau ya ƙi gobe. A bar iska na shiga ɗakin saboda hayaƙin, a wanke hannu bayan an gama.

Batirin litiyam irin 18650 ba ya yafe ganganci. Cikarsa bolt 4.2, kada a wuce, kada kuma a tatse shi ƙasa da 3. Allon caji na TP4056 ya zo iri biyu, a nemi mai kariya, wanda ke da ƙarin aisi DW01. Ba a ɗora ƙarfen liƙi kai tsaye a kan batirin, a sa shi cikin gidansa. Wanda ya kumbura ko fatarsa ta yage a ajiye shi gefe.

Wutar bango kuwa ba wurin koyo ba ce. Mai farawa ya tsaya ga batir da adafta da aka rufe, bolt 12 zuwa ƙasa. In har ta kama a buɗe tsohuwar na'ura don ciro kaya, a sani cewa babban kafasitan da ke ɓangaren shigar wuta yana iya riƙe bolt 300 ko fiye bayan an zare filogi. A sauke shi ta rezisto mai om 10,000 kuma mai jure aƙalla wat 5, da wayoyi masu rufi, hannu ɗaya kawai a cikin akwatin, a jira daƙiƙa kamar talatin, sannan a auna da mita a ga ya sauka ƙasa da bolt ɗaya kafin yatsa ya kusanci allon.