Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Baban Maigidana Ma Ɗan Ci-rani Ne

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya inda na sauka daga bas a El Ehido, cikin lardin Almeriya a kudancin Sifaniya, ba ni da komai sai lambar wayar wani ɗan Tawa da ya riga ni zuwa. Shi ya sama mini aiki a rumfunan leda.

Wanda bai gani da idonsa ba zai yi wuya ya yarda. Sama da hekta 30,000 aka lulluɓe da farar leda, daga gindin duwatsu har bakin teku. A ciki ake noman tumatir da tattasai da kokwamba da kankana, manyan motoci suna kwasa dare da rana zuwa Jamus da Faransa da Ingila. Aikina shi ne ɗaure tumatir a jikin zare da cire 'yan rassan da ke shanye masa ƙarfi. Kafin azahar yatsuna sun koma baƙi-kore, sabulu ba ya fitarwa sai da lemon tsami. Idan bazara ta matso, mukan hau saman rumfa mu fesa farar ƙasa don rage zafi.

Gonar ta iyali ce, ba babba ba. Mahaifin maigidana ya tsufa ƙwarai, amma kullum sai an kawo shi, ya kife kwandon roba a bakin ƙofa ya zauna. Ni Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini "ɗana". Da harshena ya fara kamawa, wata rana ya ga na koma gefe ina ƙirga abin da zan aika gida, sai ya yafito ni.

"Ɗana, kana raba kuɗin biyu ne ko uku?"

Na ce uku, Baba: na gida, na haya, na ci.

Ya ce shi ma haka ya riƙa yi a Jamus.

Ashe a wani ƙauye na duwatsun Alfuhara aka haife shi. Yana yaro aka yi yaƙin basasa, daga 1936 zuwa 1939, wanda ya ɗora Janar Franko kan mulki har ya mutu a 1975. Bayan yaƙin aka shiga shekarun yunwa. Burodi da mai sai da katin rabo, kuma ba a daina katin ba sai 1952. Ya ce mahaifiyarsu takan dafa ɓawon dankali ta ce musu miya ce. A 1960 Sifaniya ta ƙulla yarjejeniyar tura ma'aikata da Jamus ta Yamma, shi ma ya bi ayari da akwatin kwali ɗaure da igiya. Ya kwana a ɗakunan katako na masana'anta, ya sha tsawa da yaren da ba ya ji. Da guminsa na can ya dawo ya sayi wannan fili, lokacin fako ne da sai awaki ke kiwo. Gwamnati ta haƙa rijiyoyi, manoma suka koyi shimfiɗa taki su rufe da rairayi don ƙasa ta riƙe laima, aka kafa rumfar leda ta farko a 1963. Da ƙasar ta shiga ƙungiyar Turai a 1986, kasuwa ta ƙara buɗewa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne arzikin nan bai kai shekarun mutum ɗaya ba, amma har wasu sun manta. A wannan garin, cikin Fabrairun 2000, bayan kisan wata budurwa da aka kama wani ɗan Maroko a kai, gungun mutane suka kwana suna farfasa shaguna da gidajen baƙi. 'Yan Marokon da muke aiki tare suna ba da labarin da murya ƙasa-ƙasa. Baba kuwa in an ɗauko zancen sai ya kawar da kai, ya ce abin kunya ne.

Sai ga shi 2008 ta zo, harkar gine-gine ta durƙushe. Samarin Sifaniya da suka raina gona suka dawo suna neman kwadago kafaɗa da kafaɗa da mu. Zuwa 2013 rashin aiki ya haura kashi 26 cikin 100, na matasa ya wuce rabi. Jikar Baba ta gama karatun jinya, ta nema har ta gaji, ta tafi Ingila. Ranar da za ta tashi ya hana kowa ɗaukar jakarta, shi ya ja ta har bakin mota yana dogara sanda. Da ya dawo ya tambaye ni yaushe rabona da ganin mahaifiyata. Na faɗa masa. Nan take ya kira ɗansa, ya ce: "Yaron nan ya wuce shekara 3 a ƙasar nan, doka ta ba shi damar neman takardar zama in da kwantiragin aiki. Me kake jira?"

Maigidana bai amsa ba a ranar. Abin da ya biyo baya tsakanina da shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.