Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Lale a Istanbul, Sola a Unguwar Dosa

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a inda janareto ya cinye min jarin ƙanƙara. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, duk ribar zoɓo da kunun ayar da nake sayarwa gidan mai take tafiya. Da na kwashi adashina a azumin 2024, Baban Ummi ya ce ya ƙara da abin da ya tara mu sa sola. Na amince, don ni ma ƙarar injin nan ta ishe ni.

Ana cikin haka Yaya Hauwa ta zo da tata maganar. Ita sarin kaya take yi daga Turkiyya, tana da shago a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, kuma abokiyar tafiyarta ta fasa. "Ke dai ki shirya fasfonki, kuɗin jirgi a kaina. Kwana biyar ne, ki je ki ga duniya." Na kalli maigida, shi kuma ya ce, "Ki tafi, Maman Ummi. Kafin ki dawo an gama aikin, ba kya nan balle ki dame mu da tambaya."

Bayan sallah ƙarama muka hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja, daga can muka tashi.

Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne sanyi. Mu a watan Afrilu, bazara na nufin barci a tsakar gida da mafici a hannu, su kuwa lokacin ne ƙasa take farfaɗowa bayan hunturu. Na bar Kaduna ina zufa, na sauka ina neman rigar sanyi. Masaukinmu yana unguwar Laleli, inda 'yan kasuwarmu suke cika, har za ki ji ana ciniki da Hausa a bakin titi. Kwana biyu na bi Yaya shago zuwa shago har ƙafata ta kumbura, a na uku na ce mata ni fa ba awon atamfa da abaya ya kawo ni ba.

Muka tafi lambun Emirgan, a gefen ruwan Bosforos. Wallahi ban taɓa sanin fure zai iya sa babba ta yi shiru ba. An jera su launi launi kamar an shimfiɗa zannuwan lefe a kan tudu: ja, rawaya, fari, da wani mai duhu kamar zoɓon da bai sha ruwa ba. Kowane ɗaya tsaye a kan kara guda, bakinsa kamar ƙaramin kofin shayi. Turawa suna ce masa tulip. Na tambayi wata dattijuwa da ke zaune kusa da mu sunansa a harshensu, ta ce "lale". Na fashe da dariya, na ce wa Yaya, "Kin ji, har furen garin marhabin yake mana." Daga sunan ne ma aka samo Laleli. Sarakunan Usmaniyya na Turkiyya sun ƙaunaci furen nan har aka sa wa shekarun 1718 zuwa 1730 suna zamanin lale, kuma ta hannunsu ya shiga Turai kafin Holan ta yi suna da shi. A masallatai ma na ga siffarsa a jikin tayil da darduma.

Na ɗauki hoto ya fi hamsin na tura wa Baban Ummi. Kun san me ya turo min? Hoton fuskar inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta zama ta gida, da lambobi a jiki. Ya rubuta, "Batir ya cika tun ƙarfe ɗaya." Ko kalma ɗaya a kan furen babu. Maza ke nan. Amma in faɗi gaskiya, ina zaune cikin wannan ƙawa, sai na tsinci kaina ina lissafin ƙullin ƙanƙara nawa firiza za ta daskarar kafin la'asar.

Ranar da za mu dawo, a 'yar kasuwar shuke-shuke da ke jikin kasuwar kayan yaji ta Eminonu, na sayi irin lale guda goma. Kamar ƙananan albasa suke, har da ɓawon. Mai sayarwa ya gargaɗe ni cewa sai ya sha sanyi na kusan wata uku kafin ya yi fure, shi ya sa suke binne shi tun kaka. Yaya ta ce asarar kuɗi ce. Na ce ai yanzu ina da firij da ba ya mutuwa.

Na iso gida da magariba, unguwa duhu, gidanmu kaɗai fayau, kuma shiru. Faranti shida a kan rufi, batir da inbata a lungun falo. Tun ban ajiye jaka ba aka karanta min dokoki: guga da tura ruwa tanki sai rana tana tsaka, hita ta haramta bayan la'asar, firiza ta sha wuta da rana ta huta da dare. Duk Asabar Khalifa zai hau da sassafe ya wanke farantan, don ƙurar Kaduna in ta kwanta a kansu sai wutar ta ragu. Daren nan na yi barci da fanka har asuba, abin da na manta rabona da shi.

Irin lale kuwa na naɗe shi a takarda, na tura can ƙasan firij, ban gaya wa kowa ba. Kuskurena ke nan. Bayan kwana tara na dawo daga barka, na tarar da Ummi a kicin da wuƙa a hannu, takardar a buɗe, mai yana zafi a tukunya, tana cewa, "Mama, wannan albasar ta Turkiyya ko yaji ba ta da shi."

Mu haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.